Abin da ke Wuyan Baba Saddique

"Ku buɗe ƙofar nan! Na ce ku buɗe!"

Fatimata tana dukan ƙyauren da tafin hannu, ledar zaren da ta sayo a kasuwar Tudu tana rataye a gwiwar hannunta, ko ajiye ta ba ta yi ba. Daga ciki ana jin zubar ruwa a kan siminti da muryoyin maza ƙasa-ƙasa. Wanka ake yi wa Baba Saddique, maƙwabcinta na shekara goma sha tara, wanda bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da nata. Da safe ta leƙa shi yana numfashi, har ya ɗaga mata yatsa. Ta je kasuwa ta dawo, ta tarar ana kafa kanopi a bakin lungu.

Wani dattijo da aka tsayar ya tsare ƙofa ya ware hannu ya shiga gabanta.

"Haba Hajiya, gawar namiji ce fa. Ina za ki?"

"Ba shiga zan yi ba, Baba. Abin da ke wuyansa nake so. Wata 'yar jar fata ce da baƙin zare. Ka ce su miƙo mini ita."

"To, to. A bari a gama."

"Ba za a bari a gama ba! Idan ruwa ya shige ta ta lalace!"

"Ruwa ya taɓa laya, sai me?"

"Ba laya ba ce!"

Matan da suka cika tsakar gida suka ɗago kai. Wata daga cikinsu, mai sayar da koko a bakin titi, ta taɓe baki ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ei, Fati! Mutum ko hucewa bai yi ba, har an fara neman gado?"

Fatimata ta juya ta yi mata wani kallo, matar ta maida kanta kan tasbaha. Gado! Da a ce zinariya ce a wuyan tsohon, wallahi da ko kallonta ba ta yi ba. Aikin shekara shida ne a cikin wannan 'yar fata, zane ɗari uku da wani abu, kuma in ta salwanta babu inda za a sake samunsu a duniya.

Duk wanda ya san surfani a unguwar Nima ya san Saddique. Da allura ya fara tun yana saurayi, a gaban wani tsohon Banufe da ya zo Accra da aska takwas da tambari da wasu ado da ko suna ba su da shi, duk a kansa. Da hannun Saddique ya fara rawa, mutane suka ce shi ke nan, tsoho ya gama. Ina! Yana da shekara sittin ya zauna ya koyi kwamfuta, yana zana ado da yatsa biyu, harshe a waje, injin Fatimata yana ɗinkawa. Shi da zane, ita da inji, a 'yar kwantenarta da ke bakin gida. Haka suka rayu.

Kuma ita ce ta ɓata tsakaninsu. Wannan ba ta taɓa musawa ba, ko a ranta. Ɗan kawunta ya buɗe shago a Maamobi, ya zo yana marairaicewa, ta kwafa masa zanen tsohon guda sittin, wai ya gani ya koya. Kafin wata biyu ana sayar da su a kasuwar Circle, kowane mai inji daga unguwar Kotobabi har unguwar Madina yana buga su a kan yadi mai araha. Baba Saddique bai yi mata faɗa ba, kuma abin da ya fi cin ranta ke nan. Gaisuwa kawai yake amsawa ya wuce. Sai da aka yi wata bakwai, wata safiya ya shigo kwantena ya zauna a kujerarsa kamar jiya ya tashi, ya ajiye wani ɗan shuɗin abu a kan tebur, bai fi babban yatsa ba.

"Wannan dongul sunansa," ya ce. "Manhajar da na sayo ta asali ce, wannan ne makullinta. In ba a soka shi a kwamfuta ba, ba ta tashi. Duk zanen da na ajiye a ciki da shi aka kulle shi. Mai kwafa ya kwafa, shara ya kwasa."

"Na ji, Baba."

"Kin ji ko?"

"Na ce na ji."

Daga nan ya kai wa baduku a kasuwar Nima, aka ɗinka masa gida na jar fata mai ɗan murfi, saboda gumi da ɓarayin cikin trotro, motar haya. Da safe ya zaro ya soka, da yamma ya zare ya mayar wuya. Shekara shida Fatimata ba ta taɓa riƙe abin nan a hannunta ba, ba ta kuma taɓa roƙo ba. A cikin shekarun ne ya zauna ya tuno adon tsohon Banufen ɗaya bayan ɗaya. Fiye da rabinsu ko sau ɗaya ba a ɗinka su ba, yakan ce ba a samu wuyan da ya isa ya ɗauke su ba tukuna.

Shekaranjiya, bayan an sallamo shi daga asibiti ƙafafu a kumbure, ya aika matarsa Mma Sa'adiyya ta kira ta. Yana kwance, ya laluba wuyansa, ya ɗago fatar da hannu mai rawa.

"Fati, karɓi. Ki ajiye."

Sai ta ja da baya. Ta yaya za ka karɓi abu daga wuyan marar lafiya yana kallonka? Ai ka ce masa ya mutu ke nan. Haka aka tarbiyyantar da ita, haka kowa zai yi a gidan nan.

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan? Kai za ka zo ka soka da kanka ran Litinin mai zuwa. Akwai rigunan biki suna jiranka."

Ya daɗe yana kallonta, hannunsa a sama. Sannan ya sauke, ya mayar da ita cikin riga. "To," ya ce. Ta fito tana jin daɗin ta yi ladabi.

Yanzu ga ta a bakin ƙofa tana roƙon dattijon da bai san bambancin dongul da ƙwallon goruba ba. Ta buɗe baki za ta sake magana, sai hancinta ya kama wani abu. Tun shigowarta take jinsa, hankalinta ne bai kai ba. Ƙauri ne, na fata, haɗe da wani wari mai ɗaci irin na roba.

A gefen tankin ruwa an ɗora tukunya a kan murhun gawayi, ana ɗumama ruwan wanka. Fatimata ta yar da ledar zare, ƙullayen suka watse a tsakar gida. Ta fizge tukunyar, ruwan zafi ya fantsama, mata suka tarwatse suna salati. Ga 'yar fatar nan a tsakiyar garwashi, ta ƙanƙance ta yi baƙi, zaren ya cinye tuni. Ba ta nemi cokali ba, ba ta nemi komai ba. Ta zura yatsu uku ta tsamo ta, ta jefar a ƙasa, ta bi ta da gefen zani tana kashewa. Fatar ta ɓare. Shuɗiyar robar ta narke ta lanƙwashe, bakin ƙarfen ya yi baƙi ƙirin.

"Wa ya sa wannan a wuta? Wane ne?"

Ƙofar ta buɗe. Alhaji Abass ne, ƙanin marigayin, wanda ke zaune a Alajo, ya fito hannun rigarsa a naɗe, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunsa. Idanunsa sun yi ja, a gani ka san ya yi kuka.

"Ni ne. Ki rage murya, akwai mamaci a nan."

"Kai ne? Ka buɗe ka ga abin da ke ciki?"

"Na taɓa na ji tauri. Ƙaho ne ko farcen wani abu, ban sani ba, ba na kuma so in sani. Shekara talatin ina roƙon yayana ya rabu da layu. Bai ji ni yana raye ba. Ba zan bari ya gamu da Ubangijinsa da wannan a wuya ba."

"Laya! Dubi nan, Alhaji, dubi! Wace laya ce take da bakin ƙarfe? Aikinsa ne! Makullin aikinsa ne ka ƙona!"

Ya dubi abin da ke ƙasa, ya dube ta. Bai gane ba, kuma ta ga bai gane ba, sai abin ya ƙara tunzura ta.

"Shekara talatin kana roƙonsa. A cikin shekara talatin ɗin sau nawa ka zo ka zauna ka ga abin da yake yi da rana? Daga Alajo zuwa nan tafiyar kwana nawa ce? Sallah zuwa Sallah kake zuwa, ka yi wa'azi, ka ci tuwo, ka tafi!"

"Ke, ki iya bakinki!" in ji dattijon ƙofa.

"Ba zan iya ba! Matarsa tana ɗakin can, taku biyar. Ya tambaye ta? Ya tambayi wani a gidan nan? Don mu mata ne, ko tambaya ba mu isa a yi mana ba?"

Labulen ɗakin ya motsa. Mma Sa'adiyya ta leƙo, lulluɓe da farin mayafi, muryarta ta dishe.

"Na aikinsa ne, Abass," ta ce a hankali. "Layun ai ya daɗe da zubarwa, tun shekarar da ya je Makka. Bai gaya maka ba ne kawai."

Abass ya goge fuska da bayan hannu.

"Allah ya ga niyyata," ya ce. Ya koma ciki, ya ja ƙofa.

Niyya! Fatimata ta ji kamar ta bi shi ta shaƙe. Yatsunta sai a lokacin suka fara raɗaɗi, sun taso sun yi fari. Wata ta kawo mata ruwan sanyi a leda, ta ture.

Da azahar aka fito da makara. Maza suka ɗauka suna kalmar shahada, suka bi ta lungun da sai an karkata ake wucewa, suka tsallake gota, suka fita titi. Mata suka tsaya a bakin gida kamar kullum. Ya kamata Fatimata ta koma ta zauna kusa da Mma Sa'adiyya ta karɓi gaisuwa. Ba ta zauna ba. Ta ɗaure yatsunta da ƙyalle, ta naɗe kwamfutar a ɗankwali, ta ƙulle guntun robar a gefen zani, ta tare trotro mai zuwa Adabraka. Ta san abin da za a ce a bayanta, su ce.

Jalilu mai gyaran kwamfuta yana cin waakye, shinkafa da wake, a bayan teburinsa lokacin da ta shigo. Shi ya sa wa tsohon manhajar tun farko. Da ta gaya masa rasuwar ya ajiye cokali, ya yi addu'a. Da ta kwance gefen zani ya ga abin, sai ya dafe kai.

"Ei! Anti Fati! Me ya same shi?"

"Wuta. Ka duba kawai."

Ya kunna fitila, ya sa gilashi a ido, ya dinga ɓare robar da ɗan hantsaki, gutsure-gutsure. Tana tsaye a kansa, ya ce ta zauna, ta ƙi. Ya goge bakin ƙarfen, ya soka a kwamfuta. Babu komai. Ya zare ya hura ya sake sokawa. Ya canja rami. A ƙarshe ya juya mata gilashin ya nuna mata wata 'yar baƙar ƙwaya, ta tsage gida biyu.

"Wannan ya tafi kraa, gaba ɗaya. Babu abin da zan iya."

"To ka fasa kullen."

"Anti..."

"Kada ka ce mini anti. Ku da kuke fasa na kowa? Rabin masu inji a Accra manhajar sata suke aiki da ita, wa ke sa musu? Ba ku ba? Yau da ake so ku fasa don Allah, yau ne za ka zama malami?"

"Manhajar ba matsala, yau ɗin nan zan iya samo miki wata. Zanen ne. Abin da ke buɗe su yana cikin ƙwayar nan, nan kaɗai. Kamfanin ma in kin kira su sabon makulli za su ba ki, ba zai buɗe tsofaffin ba. Haka ya ce in saita masa." Jalilu ya cire gilashin ya murza ido. "Na roƙe shi, wallahi. Na ce Baba ka sayi biyu, ka ba wani amintacce ɗaya ya ajiye. Ya ce a'a. Ya ce in makulli ya zama biyu, ɗaya zai san hanyar Circle."

Fatimata ta zauna. Ta san wa yake nufi, Jalilu ne kaɗai bai sani ba. A kan allon ga sunayen zanen nan a jere, duk ɗari uku da wani abu, da irin rubutun tsohon mai kuskure. Ta sa yatsa ta taɓa ɗaya. Wani ɗan akwati ya fito da Turanci yana cewa a soka makulli. Haushin Abass take ji, da na Jalilu, da na ɗan kawunta, da na tsohon kansa da taurin kansa. Amma wanda ya fi ƙona ta shi ne na hannunta, da aka miƙo masa abu ya noƙe don kunya. Ta yi kuka a nan, a shagon mutane, ba ta rufe fuska ba.

Ranar addu'ar uku aka tare titi da kanopi huɗu, aka jera kujerun roba, lasifika tana ta ƙara. Maza suka zo cikin manyan kaya. Fatimata tana raba masa da ruwan leda da hannun hagu, ba ta yi wa kowa magana. Sai idonta ya faɗa kan ƙirjin wani mutum a sahun farko. Ta san wannan ado. Ta dubi na kusa da shi. Ta bi sahun da ido, ta koma na biyu. Mutum goma sha ɗaya ta gani sanye da zanen Baba Saddique, cikin sittin ɗin nan da suka fita ta hannunta, an buga su a gurguje da zare mai walƙiya, an tsuke nan, an ja can. Sun zo yi masa addu'a da kayan satarsa a wuya, suna ta amin, amin.

Na goma sha biyu yana zaune kusa da liman. Babbar riga ce ruwan toka a jikin Alhaji Abass, sabuwa fil.

Ta ajiye faranti. Ta ratsa tsakiyar maza, abin da mace ba ta yi a wurin nan, ta tsaya a gabansa. Liman ya dakata da carbi a hannu.

"Alhaji, ina ka samu rigar nan?"

"Wace irin tambaya ce wannan a nan? A Tudu na saya."

"Ka san zanen wa ke ƙirjinka?"

Ya sunkuyar da kai ya duba.

"Na yayanka ne. Wata uku ya yi yana zana shi, ina zaune. Wajen maigidansa ya koyo shi. An sace masa, kuma ni na buɗe wa ɓarayin ƙofa, kowa ya ji. Ga shi sun cire ƙananan ɗinkin da ke zagaye da tambarin don injinsu ya yi sauri. Na kirkin ka ƙona su ranar Laraba. Wannan gurgun da ire-irensa su suka rage." Ta miƙa hannu. "Ka cire ka ba ni."

Wani ya ce subhanallahi. Wani ya ce a janye ta. Abass ya ɗaga hannu, suka yi shiru. Ya daɗe yana kallon ƙirjinsa, ya sa yatsa yana bin layin zaren, daga wuya har bakin aljihu. Sannan ya miƙe, ya cire hula ya ba liman ya riƙe masa, ya tattaro rigar ta kai ya cire. Ya rage daga shi sai 'yar shara. Ya ninke ta biyu, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Yaushe zan zo in karɓa?" ya ce.

"Sai na gama."

Ba ta gode masa ba. Ta juya ta ratsa kujerun, ta buɗe kwantenarta, ta bar ƙofar a buɗe saboda haske. Ta ture kwamfutar gefe, ta shimfiɗa rigar a kan teburin yanka, ta lailaye ta da tafin hannu. Ta ɗora farar takarda marar kauri a kan adon, ta danne kusurwoyin da almakashi da ƙullayen zare. Yatsun dama ba sa riƙe komai, sai ta ɗauki fensir da hagu. Layin farko ya karkace, ta goge. A waje liman ya ci gaba da addu'a, maza suna amsawa. Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa takardar, ta fara daga gefen tambarin, inda ƙananan ɗinkin suka ɓace, tana ɗiga su ɗaya-ɗaya yadda ta tuna su a zanen tsohon.